Basilla da Kwamfutar Yaya Rabi

Ni baduku ne a zangon Sokode, huda kuwa sana'ar gidanmu ce tun kakanni. Lokacin da zanga-zanga ta rufe gari, Yaya Rabi, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Dapaong, ta maƙale a gidanmu da tsohuwar 'yar kwamfutarta. Tambayoyin jarrabawar ɗalibanta suna ciki, kafar USB ɗinta guda ɗaya ta mutu, mai gyara kuma ya kulle shago.

Na ce, "Yaya, ai rami ne kawai. Kawo."

Na ciro kafa daga wata matacciyar rediyo, na gasa basilla, na huda gefen kwamfutar, na liƙa da gam. Har da jar fata na zagaye bakin, don kyau. Yaya ta soka kile, wato filashin USB ɗinta. Shiru.

Ta ce, "Wayoyin fa, ina ka haɗa su?"

Na ce, "Waɗanne wayoyi?"

Ashe basillar ta ƙona cikin. Kwamfutar ba ta sake kunnuwa ba. Kwana uku Yaya tana sake rubuta tambayoyi da biro.

Har yau in abu ya lalace mata, sai ta kira ni: "Injiniya, firiji ya tsaya. Ɗora basilla a wuta, muna tafe."