Ranar da Na Suma a Wurin Gwaji

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na zama mai wayar da kan jama'a a ƙauyenmu na gefen Makoda ba. Lokacin na gama sakandare, ina ji da kaina, ga baki kamar rediyo. Ƙungiyarmu ta matasa ta samu ɗan horo kan cutar ƙanjamau, aka ba mu riguna da lasifika mai batir. Duk ranar kasuwa ina kan benci kusa da masu gyaɗa ina zuba: ba a ɗaukarta ta musabaha, ba a ɗaukarta a kwanon tuwo, mai ita in yana shan magani zai yi nomansa har ya yi aure. (Rabin ƙwazon don Hauwa ta gani ne, wadda aka sa mana rana bayan girbin dawa.)

Ranar da ma'aikatan lafiya suka kawo gwaji kyauta makarantar firamare, kowa ya noƙe. Na gyara hula na ce, "Ni zan fara, ku ga ba komai ba ne." Na shiga aji, mutane suka cika tagogi. Malamar asibiti ta kama yatsana ta tsira, jini ya ɓullo ɗan ɗigo. Iyakar abin da na sani ke nan. Na farka a ƙasa ana yi mini fifita da kwali.

Sakamako lafiya lau, amma wa ya tsaya ji? Kafin babur ya kai ni gida, labari ya zagaye gari: an gaya masa, ya faɗi. Kunya ta hana ni fita in gyara zancen. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na tabbata aure ya rushe.

Sai 'yan dubiya suka fara sallama, mai fura, mai kunun gyaɗa, kowa ya miƙo hannu ya riƙe nawa ya daɗe. Washegari da hantsi sai ga Malam Sani, mahaifin Hauwa, da kansa. Inna ta aiko da dambu, ya jawo kwanon tsakaninmu ya sa hannu. (Ni da suruki a kwano ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige.)

"Ci mana," in ji shi. "Ai kai ka ce ba a ɗauka a nan. Na tambayi yarinyar, ta ce tana nan kan bakanta. Za mu je asibiti a gaya mana yadda ake yi, rana kuma ba ta tashi ba."

Idona ya cika da ƙwalla. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba ni da ita. Jini na gani na suma."

Ya dube ni ya ce, "Da yawa ne jinin?"

Na nuna masa kan yatsa.

Ya suɗe hannunsa a tsanake. "To, waccan dai ka ce akwai maganin sha. Wannan ban san inda za mu kai ka ba. Da Babbar Sallah ka riƙa aiko mini ragonku in yanka."

Haka kuwa aka yi, har Allah ya karɓi ransa, Allah ya jiƙansa. Ina kewarsa sosai. Yanzu in za a yi gwaji, kujera mai jingina nake nema in kau da kai, bakin ma na rage. Ni na hau benci na yi surutun, amma shi ne ya sa hannu a kwanon.