Kwamandan Takarda da Kwana Arba'in da Ɗaya

In ana lissafin jaruman da suka tsare ƙasa, a fara da Kwamandan Takarda, sannan a gangaro kan saura. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da ofishin adana bayanan tsofaffin sojoji, kuma abokan gaba ba su taɓa ƙwace masa ko allurar maƙale takarda ba. Gaskiya ne bai taɓa leƙa bakin daga ba, farar hula ne tun daga hular har takalmi. Amma wannan ƙaramar magana ce. Shi da bakinsa yake cewa harbi kowa ma ya iya, ajiye fayil ne sai namijin duniya.

Ka gan shi da safe ka more kallo. Kaki ya sha guga har yana ɗaukar ido, sanda a hammata, tumbi na gaba yana share masa hanya. Yakan bi layin kantoci yana duba fayiloli kamar mai duba fareti, in wani ya leƙo kai ya zungure shi da sanda ya koma sahu. Matar da ke buga masa takardu ita ta laƙaba masa sunan, don tsiya. Shi kuwa ya karɓi rabin farko hannu bibbiyu, ya sa aka rubuta "Kwamanda" a jikin ƙofa, ya bar wa ma'aikata rabin ƙarshe suna faɗa a bayan idonsa.

Abin da yake tinƙaho da shi guda ne: tun da ya hau kujerar nan ba a taɓa soke layi ɗaya a cikin fayil ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha wannan karatun kafin a ba shi wurin zama.

"Mutum yana mantuwa," in ji shi, yana kaɗa sanda. "Mutum yana ƙarya, mutum yana tsufa ya ruɗe. Takarda kuwa inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Saboda haka ofishina ba ya kuskure. Ba yabon kai nake ba, ka san ni ban iya wannan ba."

Ana nan sai gwamnati ta tuna da waɗanda suka yi yaƙin shekara arba'in da suka wuce, ta ce duk wanda ya yi wata shida a daga ba tare da tabo a fayil ba za a maƙala masa lambar yabo. Aka tura wa kowa takarda. Wani tsohon kofur, mai ɗingishi da ƙafar hagu, da tasa ta iso bai buɗe a ɗaki ba. Murna ta sa ya kai ta majalisar da suke zama da abokansa a ƙofar gida, ya miƙa wa maƙwabcinsa mai ido ya karanta a fili. Maƙwabcin ya karanta har ya kai inda aka ce ba za a ba shi lamba ba, domin fayil ya nuna ya bar bakin aiki kwana arba'in da ɗaya ba tare da izini ba, ana tsakiyar yaƙi. Kowa ya san sunan wannan a bakin mutane: gudu. Daga ranar tsohon bai sake fita majalisa ba.

'Yarsa ce, malamar makarantar firamare, ta riƙo hannunsa har ofishin. Kwamanda ya bar su a benci awa uku, ba don yana wani aiki ba, sai don kada a raina ofis. Da aka shigar da su, tsohon ya haɗa ƙafa da ƙyar ya sara masa. Kai, abin ya yi wa Kwamanda daɗi har cikin ƙashi. Ya mayar da sarawar da hannun hagu, don na dama yana riƙe da kofin shayi.

Tsohon ya yi bayani a hankali. Ranar da aka buɗe musu wuta a gindin wata gada, ɓaraguzan bam suka shige masa ƙugu. Motar wata runduna daban ce ta tsince shi, ta kai shi asibitinsu. Su kuwa sojoji haka aikinsu yake: da safe saje zai kira suna, wanda bai amsa ba, kuma ba a ga gawarsa ba, sai a rubuta da jan biro cewa ya ɓace ba izini, in ya dawo a soke. To, kafin ya dawo an kashe sajen, wanda ya gaje shi ya buɗe sabon littafi, tsohon littafi ya tafi da jan layinsa. Shi bai ma san da layin ba sai ranar majalisa.

"Ranka ya daɗe, ba lambar ce ta dame ni ba," in ji shi. "Kalmar nan nake so a cire. Ina da jikoki."

Ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna tabon, wani rami mai baƙi-baƙi da zai haɗiye babban yatsa. Kwamanda ya gyara tabarau, ya leƙa, ya koma ya jingina.

"Baba, na ga tabo, kuma tabo ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ina kwanan wata a jikinsa? Ina hatimi? Wa ya sa hannu? Tabo irin wannan ƙahon sa ma yana iya yi wa mutum. Mu da muka sha wuyar aikin soja, mun san ba a aiki da tausayi. A kawo min sajen."

"Yallaɓai, ai yanzu ya ce maka an kashe shi," in ji malamar.

"To kin gani. Shaidarku ta farko ma ba ta zo ba. Sai a kawo takardar asibiti, ta asali, ba kwafi ba."

Ya faɗi haka ne da kwanciyar hankali, don a saninsa takardar shekara arba'in ba ta rayuwa a gidan talaka. Gara na nan, ɗigar ruwa na nan, ga yara masu neman abin hura wuta. Har ya gaya wa mai buga takardu ta mayar da fayil ɗin sahu, an gama wannan yaƙin.

Bai san marigayiya matar kofur ba. Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta yar da komai. A ƙasan akwatinta, cikin wani tsohon gwangwanin alewa, tsakanin katin rigakafin yara da hoton aurensu, malamar ta zaro katin asibitin. Ya yi ja don tsufa, gefe ya ɗan cinye, amma ga suna, ga lambar soja, ga hatimi, ga sa hannun likita. Ranar shiga ita ce ranar da aka ja jan layi. Ranar fita kuwa, ka ƙirga da yatsu, kwana arba'in da ɗaya cif.

Da ta ajiye masa a tebur, Kwamanda ya ɗaga katin a hasken taga, ya juya shi, ya shinshina. Ya sa aka kawo kalanda ya ƙirga sau biyu, ya sake ƙirgawa daga ƙarshe zuwa farko ko Allah zai sa kwana ɗaya ya ɓace. Ina. Takarda ce ta zo ta ƙaryata takarda, shi kuma ya rantse takarda ba ta ƙarya. Ya ce su dawo bayan mako biyu, ya maƙale katin a fayil, domin dokarsa ce duk abin da ya shigo ofishin nan sai an huda shi an ɗaure.

Mako biyun nan bawan Allah bai more abinci ba. Amma manyan kwamandoji a cikin matsi ake gane su. Ya tono wani fom da ba a taɓa amfani da shi ba tun da aka buga, fom na yin afuwa ga sojan da ya yi laifi ya tuba. Da shi za a ba tsoho lambarsa, jan layi kuma ya zauna daram inda yake. Da dabarar ta faɗo masa sai da ya tashi ya zagaya tebur sau biyu don jin daɗin kansa.

Ranar da suka dawo har kujera ya ba su.

"Baba, na yi dogon nazari. Wani a matsayina da tuni ya rufe fayil. Ni kuwa Allah ya yi ni da taushin zuciya, shi ne ma babban aibina. Na yanke shawarar a yafe maka. Dangwala nan, ka karɓi lambarka, a wuce wurin."

Malamar ta karanta wa uban fom ɗin kalma-kalma. Da ta zo inda aka ce ya amsa laifinsa yana neman sassauci, tsohon ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"A yafe min me, ranka ya daɗe? Kwanciya a asibiti?"

"Tsari ne kawai, Baba."

"In na dangwala, na ce na gudu ke nan. Ban gudu ba. Da ƙugun ma da zan yi gudun?" Ya dubi 'yarsa. "Tashi mu tafi, uwata."

Kwamanda ya bi bayansu da kallo yana girgiza kai. Ka ji butulci. Mutum ka miƙa masa rahama a faranti ya ture. Amma alheri irin wannan bai kamata ya mutu a ɗaki ba wanda ya sani. Ya zaunar da mai buga takardu ya yi mata shiftar wasiƙa shafi huɗu zuwa ga babban hafsa, shafi uku da rabi a kan halinsa na jinƙai, rabin shafi a kan kofur, yana neman a amince da afuwar ko ba dangwale. Matar ta tambaye shi ko fom ɗin kaɗai za a tura. Ya harare ta ya ce a ofishinsa ba a raba fayil da 'ya'yansa. Ta ce to, ta ɗaure komai tsaf, katin asibiti a can sama inda ido zai fara sauka.

Kwana biyar fayil ya dawo. Babban hafsa bai ɓata tawada ba, layi biyu ya rubuta a kan wasiƙar: "Wa za a yafe wa, shi ko mu? A soke layin nan yau, a rubuta masa takardar ban haƙuri."

Waɗanda suka gani sun ce sai da ya kulle ƙofa. Ya ɗauko rula, ya ɗora a kan jan layin, ya ja. Shekara talatin da ɗaya suka tafi a ja ɗaya. Ranar ko duba fareti bai yi ba.

Amma kada ka ji tausayinsa da wuri. Kafin wayewar gari labarin ya sauya kama a bakinsa. Ashe shi ne ya gano jarumin da tarihi ya manta. Shi ne ya hana idonsa barci yana bin diddigi, shi ne ya tsaya kai da fata har gaskiya ta fito. Ya roƙi a bar shi ya maƙala lambar da hannunsa ranar taro, aka bar shi don a huta. Ya kira mai hoto, ya sa aka sake wa kakin guga, ya yi kwana uku yana gwada maƙala lamba a jikin labulen ofis.

Ranar taro zaure ya cika. Tsofaffi a layin gaba, wasu da sanda, wasu a keken guragu, manyan hafsoshi a kan dandamali. Da aka zo kan kofur, Kwamanda ya karɓi lasifika ya yi minti ashirin. Ya ce "ni" sau ba adadi, ya ce "mu 'yan daga" sau biyu, har wani tsoho mai hannu ɗaya ya juya ya tambayi na kusa da shi a wace runduna wannan ya yi. Daga ƙarshe ya ɗaga lambar sama, ya juya gefen da mai hoto yake, ya kira sunan kofur da lambarsa ta soja.

Shiru. Ya sake kira. Kujerar da aka liƙa wa sunan tana nan wayam. A kira na uku sai malamar ta miƙe daga baya, ta tako a natse har gaban dandamali.

"Yallaɓai, Baba yana gaisuwa. Takardar ban haƙurin ta iso shekaranjiya, an karanta ta a majalisa sau biyu, yanzu haka ma yana can. Ya ce in karɓo masa lambar a hannu." Ta miƙa tafin hannunta. "Ya kuma ce ka rubuta a fayil cewa yau an kira sunansa bai amsa ba, kuma bai nemi izini ba. Ya ce wannan karon gaskiya ne, ba sai an soke ba."

Dariyar daga layin tsofaffi ta faro, ta bi zauren har ta hau dandamali, babban hafsa ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Kwamanda ya sauke lambar a tafin hannun malamar. A daidai nan mai hoto, wanda aka ce masa kada ya kuskura ya rasa lokacin, ya danna.