Takardar Maganin Yaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da karatuna ya kwantar da yayata ba. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga lakwal, wato makarantar boko, ta manya a Zongon Parakou. Da na iya haɗa Faransanci, ko buhun siminti bai tsira ba, sai na karanta shi.

Na kai wa Yaya ziyara Djougou, na tarar an kawo mata maganin hawan jini. Ta zaro takardar cikin kwalin za ta ƙunshe daddawa, na fizge.

"Yaya, kin san abin da kike haɗiya kuwa?"

Na gyara murya. "Zai sa ki jiri. Zai sa ki tari. Bakinki zai bushe." (Takardar cewa ta yi wasu kan ji haka, ni na ga "zai" ya fi cika baki.) Aka kira la'asar, na ajiye.

Washegari jiri. Rana ta biyu tari. Ta uku ta kwanta, ta rantse ba ta ƙara sha, alhali likita ya gargaɗe ta kada ta tsallake ko kwana ɗaya.

Na ɗaura ɗamara, na ja ta farmasi, na buga kwalin a kan tebur.

"Wane mara imani ya ba 'yar'uwata guba?"

Matar da ke wurin ta duba, ta ce, "Mama, ai shekara biyu Hajiya na shan wannan. Kwalin ne kawai aka sauya." Ta juya takardar. "An karanta mata bayan?"

Yaya ta yi caraf: "A'a, malamar tamu ta tafi salla."

Matar ta ce, "Shi ya sa ba ta yi ƙaiƙayi ba, shi a bayan aka rubuta shi."

Layi duka ya kwashe da dariya, har wani tsoho mai sanda. Ni da nake wa mahauta tsawa a kasuwa, na rasa inda zan sa idona.

Matar ta auna jinin Yaya, ta ce a hankali, "Hajiya, mafi yawan mutane ba sa jin komai, ke ma shaida ce. In wani abu ya dame ki, ki dawo." Nan take Yaya ta haɗiye. Da yamma ta cinye tuwo malmala biyu, ba tari ko ɗaya.

Har yau ina karanta takardun magani, ban daina ba. Amma a zuci nake yi. Yaya kuwa da ta hango ni da tabarau sai ta zauna a kan kwalin.