An Miƙar da Lauje

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, wadda kuma ba ta yarda da kowa ba, nake sanar da rasuwar Lauje, bindiga mai lanƙwasasshen bututu da ke rataye kusa da taga a ɗaki na uku na gidan tarihin soja. Ni ne mai kula da ɗakin. Shekara uku ina goge ta, tun da na gama sakandare. An ce ta rasu ranar Juma'a. An ce.

Marigayiyar ba nakasasshiya ba ce, haka aka ƙera ta. Masu ƙirarta sun so soja ya laɓe a bayan bango, ya duba ɗan madubin da ke kanta, ya yi harbi ta kwanar bangon ba tare da ya leƙo ba. Gwaji ne, kuma bai yi ba, domin harsashi yakan farfashe kafin ya fita. Aka ƙera 'yan kaɗan aka daina. Ta yi shekara tamanin a duniya ba ta kashe ko ƙadangare ba, shaidar da ba zan iya yi wa sauran 'yan ɗakin ba. Ba ta da yawan magana. In na sa mata mai na ja kunamarta, sai ta ce ƙyas, shi ke nan. 'Yan makaranta kan wuce manyan bindigogi su tsaya a gabanta suna karkata wuya. Su suka sa mata Lauje.

Ta bar yayarta, bindiga mai baki bakwai, wadda sau ɗaya aka harba ta, ta goce wa mai harbin kafaɗa. Ta bar ƙanwarta da ke ɓoye cikin sandar dogarawa. Ta bar madubinta, maraya, yana aljihuna. Ta bar ƙusa biyu a bango. Ta bar ni.

Jinya kuwa, ba ta yi ba. Lafiyarta lau ranar Laraba da na ɗauki hutu na kai mahaifiyata asibiti. Na dawo Asabar na same ta a kan tebur an lulluɓe da buhu, a miƙe sambal kamar bututun famfo, a tsage daga tsakiya har baki. Rahoto ya ce faɗowa ta yi, don mai kula bai kafa ƙusa da kyau ba. Na karanta sau uku. Na sha ganin ƙarfe ya faɗi ya lanƙwashe. Ban taɓa ganin ya faɗi ya miƙe ba.

Ba na zargin kowa. Abin da na gani nake faɗa. Akwai shuɗin wuta a inda ƙusumbinta yake a da, akwai sawun matsi a wuyanta. Mai waldan bayan katanga, wanda kullum safe yake kirana angon Lauje, yanzu in na zo wucewa sai ya sauke ƙarfen fuskarsa, ko da injinsa a kashe yake. Sabon shugabanmu mutum ne da ke jera kujeru da zare. Ranar da ya fara zagaye ya tsaya a gabanta ya ce, "Wannan fa, wa ya taka ta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, haka take." Ya ce, "Haka take, ko haka kuka bar ta? Manyan baƙi na zuwa ƙarshen wata." Na tambayi Baba Saje mai gadi ko ya ga an fita da wani abu. Ya kalli takalminsa ya ce, "Ɗana, ni ƙofa aka ba ni. Sa hannu a rahoton kawai ka huta."

An ba ni zaɓi. In sa hannu cewa sakacina ne, a mai da ni yankan ciyawa. Ko in ƙi, in ajiye makullai ranar Litinin. Mahaifiyata ta ce in sa. Biron yana nan. Ban sa ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauke ta daga ɗaki na uku zuwa sito na ƙasa, layin fasassun hulunan kwano. Ni zan yi mata wankan mai, in makullan na hannuna har lokacin. Masu ta'aziyya su tsaya a gaban bangon, ba sai sun ce komai ba. Ba a bukatar mai walda.

An riga an kawo akwatinta, sabo, na gilashi, dogo siriri. Na gwada, ta shiga daidai, ba ragi ba ƙari. Na yaba wa kafinta saurinsa, ya yi dariya ya ce wane sauri, ai mako biyu ke nan da aka ba shi awo. Mako biyu da suka wuce Lauje na bango a lanƙwashe, ina goge ta. To wa ya san tsawonta a miƙe?