Ranar da But Ɗina Ya Ƙi Gaida Maigari

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, shekarar da aka fara tura ni aikin malamin gona a ƙasar Maiyama. Ranar ce zan je wani ƙauye bayan Kuberi in roƙi Maigari ya ara mana fili a fadama, mu gwada sabon irin albasa. Malaman gona biyu sun je kafin ni, an ba su fura an sallame su. Ogana, Mista Bulus, ya ce in ni ma na dawo hannu rabbana, za a mayar da gwajin Aliero, ni kuma in koma ofis ina kaɗe ƙurar fayil.

To ni mutum ne mai son a gan shi fes (wannan hali nawa shi ya kai ni ya baro). Wata uku kafin nan na sayi takalmin but a kasuwar Jega, baƙi wul, mai sheƙi. Mai shagon har rantsuwa ya yi cewa jikokina ma sai sun gaje shi. Ashe takalman yanzu ba ɗinki gare su ba, gam ne kawai da kwalliya. Ina sa shi da safen nan, sai na ga tafin na hagu ya wangale baki.

Maimakon in nemi baduku, sai na ɗauko gam ɗin sufa-gulu na matse kwalba biyu cif a ciki. Na ce a raina, ai gam nauyi yake so kafin ya kama, kuma wane nauyi ya fi nawa? Na zura ƙafata a ciki, na tsaya a kansa da ƙafa ɗaya ina shan koko. Matata ta ce, "Malam, ba ka cire ƙafar tukuna?" Na ce mata ta bar wa masu ilimi aikinsu. Na ji wani ɗumi a tafin ƙafata, na ɗauka alamar aiki ya yi kyau ce. Ban tuna cewa shimfiɗar cikin takalmin ta huje ba, safar ma haka.

Muka isa ƙauyen a babur ni da Mista Bulus. Zauren Maigari cike da dattawa, takalma jere a bakin ƙofa. Mista Bulus ya tuɓe nasa ya shiga ya durƙusa. Na zare na dama, lafiya lau. Na ja na hagu, sai na ji kamar za a saɓule mini fata. Na sake ja, hawaye suka zo. Wayyo Allah!

Sai na yi dabara (wai dabara). Na zauna a bakin ƙofa, rabin jikina a ciki, ƙafar hagu a waje, na shiga zuba gaisuwa. Wani dattijo ya ce, ba ma a ɓoye ba, "Wanda bai iya tuɓe muna takalmi, shi za mu ba fadama?" Mista Bulus yana ta hararata yana nuna ƙafata da baki.

Maigari ya dube ni ya ce, "Malam, wagga ƙahwa taka ta hagu, mi munka yi mata? Hushi takai da mu?"

Wallahi na so in ce ciwo gare ni, ƙaryar har ta zo bakina. Amma zufa ta riga ta tona ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, manne ta na yi da gam."

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina, ranka ya daɗe."

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo ta katanga. Dattijon nan sai da ya kwanta a tabarma. Aka kira wanzami, ya zo da aska da ruwan ɗumi da man gyaɗa, ya tsaga but ɗin nan gida biyu yana jiƙa ƙafar yana ɓamɓarewa a hankali, ni kuwa ina yi wa jama'a bayanin albasa ina cije baki.

Maigari ya sa aka ɗauko nasa but ɗin daga cikin gida. Tun yana saurayi yana aikin hanya aka ba shi. Fatar ta yi kauri ta ƙoshi da mai, tafin kuma wani baduku a Jega ya sha sake masa shi da tayar mota, ɗinki biyu-biyu. Ya ce in zan saya, in juya takalmi in nemi zare, in ban gani ba in ajiye musu kayansu.

Da muka tashi tafiya ya ce, "Waɗanda sunka zo gabaninka sun san komi, ba su taɓa kuskure ba. Kai ko ka hwaɗi wautarka gaban jama'a. In irin ga ya ƙi, na san za ka hwaɗa muna. Ku ɗauki filin."

Na koma gida da but a dama, silifas ɗin aro a hagu. Matata ta dubi ƙafafuna, ta dube ni, ta ce, "Sannu da zuwa, masu ilimi."

Yanzu takalmina na baduku ne, mummuna, mai nauyi, ya ga damina huɗu ko gezau. Darasin da na koya kuwa, shekarun da na yi a makarantar aikin gona ba su samo mini fadama ba, wautata ce ta samo. Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya bi hanyata. In za ka manne takalmi, don Allah ka fara fitar da ƙafarka.