Ɓarawon Sandar Kaka

"...Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka da sassafe ya ɓata mini ranar. Ya gajiyar yawon banza?"

"Babu gajiya, amaryata. Ya ƙafa? Har yanzu tana hutun da babu wanda ya ba ta?"

Kaka ta harari jikanta daga cikin keken asibitin da take zaune. Tun daminar bara da santsin tayil ya kwashe ta a ƙofar gida ƙugunta ya karye, ba ta sake taka ƙasa a waje ba. Likita ya ce ƙashi ya ɗinke sarai, tsoro ne kawai ya rage, kuma in ta ci gaba da zama ƙafafun za su saki gaba ɗaya. Maganar nan ta tsaya wa jikan a rai. Shi mai zanen gine-gine ne, kamfaninsu ne ya gyara filin da ke tsakanin dogayen benayen da Kaka ke zaune wurin 'yarta, wato mahaifiyarsa. Ita dai Kaka ba ta san wani mai zane ba, Kunnuwa take ce masa tun yana rarrafe, kuma gaskiya Allah bai rage masa su ba.

Ya tura ta har bakin sabuwar hanyar da ya shimfiɗa da katako, wadda ta ratsa tsakiyar lambun da ke filin. An yi ruwa da asuba, katakon ya jiƙe yana sheƙi.

"Kai Kunnuwa, wannan ne aikin da uwarka ke cika mana baki da shi? Katako? Shekara da shekaru kana karatu, ashe kafinta ka koyo! Mun sha wuya mun samu siminti, kai ka zo ka mayar da mu baya."

"Siminti da tayil ai kin gwada su, kin ga tarbar da suka yi miki."

"Bakinka ya bi ka, mara kunya. Gara dai ta gode, ka dafa mata, ka zuba, ka kai mata har gida."

"Garar da ta ciji wannan sai ta nemi likitan haƙori. Icen nan taurinsu ɗaya da kanki. Rana ba ta fasa shi, ruwa ba ya ruɓar da shi."

"To madalla, ka gama da dajin Allah. Tsuntsaye sai su dawo kunnuwanka su yi sheƙa, dama akwai fili."

"Ba dajin Allah ba ne, gonar itatuwa ce, nomansu ake yi. Ba a sare ɗaya sai an dasa wasu a gurbinsa. Ba irin haƙoranki ba, da kowanne ya tafi bai bar magaji ba."

"Haƙoran nan a kan ragowar abincin da kake ƙi suka ƙare, butulu!"

Ta sunkuya tana duban katakon, sai muryarta ta sauka. Ya san ta sarai, ya san inda wasa ya tsaya.

"Kuma ko haɗa su ba ka iya ba. Dubi tsaga tsakanin kowane biyu. Tarko ka ɗana wa tsofaffi ke nan. Bakin sanda ya faɗa ciki, mutum ya kifa."

"Tsagar ta ruwa ce, don ya zurare ƙasa kada ya kwanta."

"Da ma ina da sandata! Tun ina asibiti wani ɓarawo mara tsoron Allah ya ɗauke ta a bayan ƙofa. Sandar da kakanka ya bar mini. Uwarka ta kawo mini wata ta ƙarfe mai kama da ƙafar gado, na ce ta riƙe abarta. Kullum sai na yi wa ɓarawon nan addu'a, Allah ya sa ƙafarsa ta..."

"A'a, tsaya! Kada ki ƙarasa, ƙafar nan da ita ake tura ki."

Ya zagaya bayan wata tukunyar furanni ya zaro sanda, baƙa, kanta ya sha hannu har ya yi sulɓi. Kaka ta saki baki.

"Kai ne?"

"Ni ne. Aiki na ɗauke ta, kuma ta fi ki ƙwazo. Duk katakon da aka kafa a hanyar nan sai da na sa bakinta a tsagarsa. Inda ya shige, a cire a sake. Kafintoci har sun tsane ta, suna ce mata shugaba."

"La ilaha! Ashe kai ka zaunar da ni! Da tuni ina tsere da motoci."

"To ga ta, motoci na jira."

Ya ɗora mata sandar a cinya, ya ja da baya inda hannunta ba zai kai ba. Bakinsa na dariya, amma idonsa na kan ƙafafunta. In ta ƙi yau, bai san kuma me zai gina mata ba.

"Ni dai na gaji da auren turi, amarya. Yau ko ki tashi, ko in sallame ki."

"Ka sallame ni? Da me ka riƙe ni? Mijin da har goyo na yi masa yana jiƙa mini baya!"

"Tsohon labari. Yanzu ke ake goyo, kuma a kan taya."

"Kai! Tsaya nan. Kada ka motsa."

Ta soka bakin sandar a tsaga, ya ƙi shiga. Ta gwada ta gaba, ya ƙi. Ta sauke ƙafa ɗaya ta goga silifas a kan jiƙaƙƙen katakon, sai siraran layukan da aka zana masa suka riƙe takalmin gam. Ta yi bisimilla a hankali, ta dafa sanda, ta miƙe.

Hannayensa suka yi gaba da kansu don tara ta, amma bakinsa bai daina tsokana ba.

"Haka ake tafiya? Ko kunkuru sai ya ba ki rata."

"Zan kama ka."

"Sai baɗi."

Ta ɗaga ƙafa ta aje. Ta sake. Katakon bai zame ba, bai ko yi ƙara ba. Yana ja da baya kaɗan-kaɗan tana bin sa, har bayansa ya bugi bencin da ke tsakiyar lambu, sai jin sanda ya yi tim a kafaɗa. Tun da aka haife shi bai taɓa shan duka mai daɗin wannan ba.

"Wannan na sata ne." Ta ƙara masa. "Wannan na haƙorana."

Ta zauna a benci tana haki, ta waiga ta hango keken can baya shi kaɗai, ta daɗe tana kallonsa. Da ta juyo sai ta ga jikan yana goge ido.

"Kuka kake yi, ƙaton banza?"

"Garin katako ne ya shiga mini ido."

"Bayan ruwan sama? Ƙarya ma ba ka iya ba." Ta fashe da dariya har sandar na rawa a hannunta. "To na yarda, hanya ta yi. Amma aikin sandata ne, kai rakiya ka yi mata."

"Na ji. Ina tukuicin ɗan rakiya?"

Ta nuna keken da bakin sanda.

"Ga shi can, na ba ka har abada. Ka adana shi, tsufa na nan tafe gare ka. Yanzu matsa mini, ina so in ga inda katakon nan ya ƙare."