Ranar da Na Yi wa Jirgina Anko

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin yayar budurwata Rahila ba, ranar da na ƙudura sai na nuna wa mahaifinta cewa ba mai wasan yara 'yarsa za ta aura ba.

Gyaran janareto nake yi a Sabon Tasha, amma raina yana kan ƙananan jiragen sama masu rimot. Da hannuna nake yanka su daga farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji. Abokina Emeka kuwa a haɗe yake sayen nasa, ni kuma ba na raga masa. "Kai direba ne kawai," nakan ce masa, "ni ne injiniya." (Har yau ban janye ba.)

Baba, mahaifin Rahila, tsohon soja ne, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai "mai jirgin nan". Abin yana ci mini rai. Sai na yi alkawarin jirgina zai kewaya ango da amarya a filin liyafa a Kamazou. Wata biyu ina haɗa shi, na gwada shi sau uku, ya tashi lafiya lau.

Da safen ranar na ga dangi duk sun sha anko shuɗi, jirgina kuwa fari fat. Na ce ina, shi ma ai ɗan gida ne. Na biya Kakuri na sayi fentin feshi wurin masu fentin mota, na feshe shi a bayan rumfa, na kifa masa kwali don kada a gani.

Emeka ya shinshina iska. "Oga, wane irin fenti ka sa?"

"Je ka zauna, direba."

Can mai gabatarwa ya kwarara murya: "Jama'a, a tafa wa Injiniya!" Na fito ina taku ɗai-ɗai, na ɗaga kwalin.

Ashe fentin mota cinye soso yake yi. Fukafukan sun narke kamar ledar da ta faɗa murhu. Ba abin da ya rage sai farfela da wayoyi, cikin shuɗi mai kyau. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya taso, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Wannan zai tashi ne, ko ya riga ya faɗo?"

Har amarya sai da ta share hawayen dariya. Rahila ta rufe fuska da jaka.

Sai Emeka ya nufi wurin ajiye motoci. Ya buɗe but ɗin motarsa, ya ɗauko jirginsa na kanti, ya miƙo mini rimot. Na kewaya filin sau uku, aka yi ta tafi. Da na sauke shi, ya dafa kafaɗata: "Ka yi ƙoƙari, direba."

An dai ba ni Rahila. Baba yanzu Injiniya yake kirana, amma ba ya iya faɗa sai ya murmusa. Ina nan ina haɗa jiragena, sai dai na koyi gwada fenti a guntun soso tukuna, kuma ba na tsokanar direba idan ya zo da motarsa.